Kofin Alhaji Ilu

Tun ba a yi gasar ba aka ɗaure ragon walima. Malama Saudatu ta dawo daga makaranta da rana tsaka ta tarar da shi a gindin darbejiyar tsakar gida, fari tas, ƙaho a murɗe, an zube masa harawa da dusa kamar baƙon da ake jin kunya. Ta gaida surukarta Hajiya Azumi, ta tambaya ko haihuwa aka yi a dangi ba ta ji ba.

"Wace haihuwa? Na walimar Musaddiq ne. Alhaji ya ce a fara kiwonsa tun yanzu."

"Walimar me, Hajiya?"

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau. "Ji mani yarinya! Ke da za ki ba shi kofin, ke ce mai tambaya?"

Gasar bayoloji ce aka shirya tsakanin makarantun sakandaren Dutsin-Ma da Kurfi, wanda ya zo na ɗaya ya tafi Katsina ya kara da gwanayen sauran shiyyoyi. Alƙalai uku aka zaɓa, Saudatu kaɗai ce mace a cikinsu. Ranar da aka sanar da ita sai da ta kira mahaifinta a Kurfi, muryarta na rawa don daɗi. Shekara da shekaru tana fama da alli da 'yan mata a makarantar gwamnati, yau ga shi an san da ita.

Musaddiq ne ba ta sa a lissafi ba. Shi ne babban ɗan Alhaji Ilu, yayan mijinta Yazid, kuma shi makarantar kuɗin da yake yi ta tsayar. Alhaji Ilu kuwa dillalin hatsi ne, shi ke riƙe da gidan baki ɗaya. Tukunyar da ake ɗorawa tasa ce, rufin da ake kwana a ƙarƙashinsa nasa ne, har makullin siton da Yazid ke yawo da shi yana kaɗawa a aljihu nasa ne.

Washegari ta sami shugaban kwamitin gasar, Malam Ɗanmusa, ta ce a cire ta, ɗan gidansu na cikin masu takara. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Malama, in aka ce sai marar dangi zai yi alƙalanci a Dutsin-Ma, sai dai mu yi odar alƙalai daga ƙasar Sin. Je ki abinki, mun yarda da ke."

A 'yan makonnin nan Saudatu ta ga gatan da ba ta taɓa gani ba tun da aka kawo ta gidan. Alhaji Ilu, da can da hanci yake amsa gaisuwarta, ya koma kiranta Furofesa. Ya aiko mata da turmin atamfa. Motar da ke kai 'ya'yansa makaranta ta fara biyawa ta sauke ta a tata. Hajiya ta karɓi rainon Nana, 'yarta mai shekara huɗu, wai kada hayaniya ta hana Furofesa nazari. Ko tsokar da ke zuwa ɗakinta a kwanon miya sai da ta yi ƙiba.

Abin ya dame ta, ta yi wa mijinta magana.

"Baban Nana, ni fa abin da yaro ya amsa shi zan duba."

"Wa ya ce ki yi ƙarya?" in ji Yazid, yana gyara zaman hularsa a madubi. "Ki dai dube shi da idon rahama. Ai ko a lahira akwai ceto."

A zauren taron wata makaranta a Kurfi aka yi gasar. Alhaji Ilu ya zo da mota biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta masu tafi. Da safe aka yi na rubutu, kuma a nan ba mai raina Musaddiq, don yaro ne mai hadda, abin da ya karanta ya zauna. Shi da wata yarinya mai suna Hawwa'u Hamma, 'yar wani makiyayi a Tamawa ta ƙasar Kurfi, suka fito kankankan. Bayan azahar aka shiga na gwaji. Yara na waje, a kira su ɗaya bayan ɗaya, a buɗe wa mutum faranti a gaban jama'a, ya faɗi abin da ke ciki da aikinsa, alƙalai su ɗaga allon maki kowa ya gani.

Aka buɗe wa Musaddiq faranti. Ƙodar akuya ce, an tsaga ta biyu. Yaron da ba a taɓa sauke tukunya babu nama a gidansu ba ya leƙa, ya yatsine fuska, ya ja da baya. Bai taɓa ganin ta ɗanya ba. Sai ya gyara tsayuwa ya ce zuciya ce. Daga nan ya ɓalle da Turanci kamar an kunna rediyo: ɗakunan zuciya, inda jini ke shiga, inda yake fita, ko tuntuɓe bai yi ba. Masu tafi suka yi aikin da ya kawo su.

Alƙalin da ke damanta ya ɗaga tara. Na hagu ya ɗaga takwas. Saudatu ta dubi farantin, ta dubi yaron, ta hangi Alhaji Ilu a kujerar gaba yana murmushi yana kaɗa ƙafa. Ta kai hannu kan allon makinta. Na dama ya sunkuyo ya raɗa mata, "Malama, bayanin ai ya yi kyau."

"Bayanin zuciya ya yi kyau," ta ce. "Ita ce dai ba ta cikin farantin."

Ta ɗaga sifili.

Da aka kira Hawwa'u, Turancinta ɗingishi yake yi, amma ta ce ƙoda ce, ta sa yatsa ta nuna inda ake tace jini da inda fitsari ke taruwa ya sauka. Da aka haɗa maki ita ce ta ɗaya, wani yaro na biyu, Musaddiq na uku. Kofin da aka miƙa mata bai fi moɗa ba. Kafin a shafa addu'ar tashi motocin Alhaji sun kama hanya. Saudatu, da a cikin ɗayarsu ta zo, motar haya ta bi, a matse tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji. Da ta isa gida ta yi sallama, rago kaɗai ya amsa.

Da safe ta je gaida Hajiya.

"Ina kwana, Hajiya?"

"Da ban kwana ba kya gan ni? Zauna. Wai me yaron nan ya ce da har kika zana mashi ƙwai gaban jama'a?"

"Ƙoda aka nuna mashi, ya ce zuciya ce."

"To? Ƙoda da zuciya ba duk kayan ciki ba ne? In aka zuba su a farfesu wa ke tsayawa tambayar sunansu? A kan ɗan naman da bai cika ludayi ba kika tozarta mani jika? Da ma ai 'yar ƙasarku ce ta ci. Kurfi ta ga Kurfi."

"Wallahi Hajiya, ban taɓa ganin yarinyar ba sai ranar."

"Atamfa kuwa kin taɓa ganin ta. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi mashi aski."

Da la'asar Alhaji Ilu ya sa aka kira ta falonsa. Yana kan kujera, Yazid na zaune a ƙasa.

"Malama," ya ce, don Furofesa a Kurfi ta rasu, "tambaya gare ni. Mutum biyu bare, ba mu haɗa komai ba, wannan ya ba shi tara, wancan takwas. Ke mai cin tuwon gidan nan kika hana shi ko ɗaya. Su ba su yi karatu ba ne?"

Saudatu ta san ƙofofin alƙalan nan biyu ne a-kori-kurar Alhaji ta sauke wa buhunan masara ana gobe gasa, kamar yadda rabin unguwa suka sani, amma ba ta da bakin faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Alhaji, amana aka ba ni."

"Wa ya ba ki?" Ya matso bakin kujera. "Ke kin ɗauka karatunki ne ya hau da ke kujerar nan? Malaman bayoloji nawa ne a garin nan? Ni na taka na sami Ɗanmusa, na ce ga tamu, a sa ta. Amanar tawa ce, kuma kin ci."

Duk maganganun da aka yaɓa mata babu wadda ta shige ta kamar wannan. Ta tuna muryarta a waya ranar da ta kira mahaifinta. Ta dubi mijinta, ta tarar ya duƙufa nazarin zanen kafet.

Ba ta iya haƙuri ba, sai da ta je ta tambayi Malam Ɗanmusa. Ya yi ta jujjuya biro a hannu. "Malama, kin cancanta ƙwarai da gaske. Alhaji dai ya tuna mana da ke ne."

Daga nan abubuwa suka riƙa komawa inda suka fito. Mota ta manta hanyar makarantarta. Tsoka ta rame, daga baya ta ɓace, sai romo. Aka aiko a karɓi atamfa, wai kuskure aka yi, ta wata ce, alhali an riga an yanka an kai wa tela. Sai da ta je ta karɓo gutsattsarin ta mayar. Mai ruwa in ya shigo da kura ya cika randunan kowa, ya iso ƙofarta jarka ta ƙare. Matan gidan suka raɗa mata suna, ba ta sani ba sai ranar da Nana ta shigo tana tsalle tana waƙa, "Mai Sifili, Mai Sifili!" Ta tambaye ta wace ce Mai Sifili, yarinyar ta ce, "Ke ce, Umma. Hajiya ta ce in riƙa kiranki."

Ta yi tunanin gyara. Wata Asabar ta aika mahauta aka sayo mata ƙoda da zuciya da huhu, ta shimfiɗa su a tire, ta kira Musaddiq ta nuna masa, tunda ga jarrabawar fita na tafe kuma ita ma akwai gwaji a cikinta. Yaron ya zo yana sunne kai, ya tsuguna. Har ya ɗauki wuƙa zai tsaga, sai ga Hajiya da salati.

"La'ilaha illallahu! Gori kuma? Bai ishe ki a Kurfi ba, sai kin biyo shi har gida da tire? Tashi, Musaddiq! Jikana ba mahauci ba ne, likita zai zama."

Yaron ya ajiye wuƙar ya tashi. Naman kuwa Hajiya ta sa aka kwashe, da yamma aka yi mata farfesu.

Alhaji Ilu bai tsaya nan ba. Ya kai ƙara ofishin ilmi na shiyya, cewa matar ƙanensa ta huce haushin cikin gida a kan yaro. Aka kira Saudatu gaban wasu mutum uku ta yi bayanin ƙoda kamar mai neman aiki. Suka ce za su aika sama, a jira. A makarantarsu shugaba ta fara gaishe ta a tsaitsaye, don Alhaji ne ya yi alkawarin gyara musu rijiyar burtsatse. Sannan wata safiya aka karɓe makullin sito daga hannun Yazid aka ba wani yaron kasuwa. Ba a kore shi ba. An dai bar masa benci a bakin ƙofa ya riƙa amsa sallamar masu ciniki.

Ya dawo gida kamar an tsamo shi daga ruwa.

"Kin ga abin da kika ja mani? Ni da ban san hanyar makarantarku ba, ni ke biyan bashin ƙoda."

"Ba ni na karɓi makullinka ba, Baban Nana."

"Ni fa a tsakiya nake, Saudatu. Wancan yayana, ke matata. Da kin ɗaga ko da biyar ne, wa zai mutu?"

"Yarinyar da ta sani ita za ta koma Tamawa hannu biyu."

"Ita Tamawa ke ciyar da mu?"

Rago dai yana nan yana cin dusa, ya yi ƙiba har tafiya na yi masa wuya. Alhaji Ilu ya duba ya ga mutum irinsa ba ya ɗaure rago ya kwance. Ya ce walima tana nan. Ya tafi Katsina da kansa ya dawo da kofi, ruwan zinariya, mai hannu biyu da murfi, tsayinsa ya kai Nana. Ya sa aka zana a gindinsa: NA ƊAYA. Abu ɗaya ya rage, kofi sai da mai miƙawa. Ya aiko Yazid da saƙo: ranar walima Saudatu ta karɓi lasifika, ta ce an sami kuskure wurin haɗa maki, ta miƙa wa Musaddiq kofinsa. In ta yi haka, abin da ya wuce ya wuce.

"Magana ɗaya ce," in ji Yazid. Ya zauna a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa, ya zama abin tausayi. "Ba a gaban kwamiti ba, ba a gaban alƙali ba, a ƙofar gida ne kawai. Kowa ya ci shinkafa ya watse. A maido mani da makullina. Ki dube ni, ki dubi Nana."

Ta dube shi. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shi kuwa ya je ya ce wa Yaya ta yarda.

Ranar walima aka kafa rumfuna aka tare layi. Dillalan hatsi suka zo, malaman makarantar kuɗi suka zo, har alƙalan nan biyu suka zo suka sami wuri kusa da inda ake raba nama. An ɗauko maroƙi da mai hoto. Musaddiq na zaune a tsakiya cikin shadda mai maiƙo, yana duban takalmansa. Kofi na kan tebur yana ƙyalli, rana na dukansa yana kashe ido.

Aka kira Saudatu. Ta fito daga cikin mata da hijabinta. Ta hangi Yazid a tsaye bayan kujerar Alhaji yana yi mata alama da kai. Ta hangi Nana a cinyar Hajiya. A zuciyarta ta riga ta jera kalmomin da aka ba ta, har ta buɗe baki da niyyar faɗarsu a wuce wurin. Sai idonta ya faɗa kan 'yan makarantarsu uku da ke leƙe daga bayan rumfa, waɗanda gobe za ta tsaya a gabansu da alli.

"Assalamu alaikum," ta ce. Lasifika ta yi ƙara ta lafa. "Musaddiq ɗanmu yaro ne mai ƙoƙari. Cikin yara masu yawa ya zo na uku, kuma na uku abin a yanka wa rago ne. Allah Ya ƙara mashi basira."

Aka ce amin, amma ba da ƙarfi ba. Murmushin Alhaji ya tsaya inda yake.

Ta ɗauki kofin da hannu biyu, don yana da nauyi. "Shi kuwa wannan, ba a gasarmu aka ci shi ba, ba ni da ikon in ce ga mai shi. Amma na san wanda ya wahala a kansa, ya je har Katsina ya zo da shi. Yaya Alhaji, bisimilla."

Ta durƙusa ta miƙa masa. Mutum in an miƙo masa abu a gaban jama'a, hannu ke riga tunani. Alhaji Ilu ya karɓa. Maroƙi, da tun ɗazu yake jiran inda zai shiga, bai tsaya fahimtar komai ba ya ɓarke: "Alhaji Ilu ya ci kofi! Na ɗaya a hatsi, na ɗaya a boko! Giwa mai tafiya da kayanta!" Mai hoto ya ɗauka. Wani daga cikin dillalai ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Kafin magariba hoton ya gama wayoyin kasuwar Dutsin-Ma: Alhaji rungume da kofi, baki a buɗe, NA ƊAYA a daidai cikinsa.

Washegari da hantsi Yazid ya shigo ɗaki bai zauna ba.

"Ki je gida ki huta, sai na neme ki."

"Saki ne?"

"Ni ban ce ba. Hutu dai."

Ta haɗa kayanta. Da ta je ɗaukar Nana, Hajiya ta janye yarinyar bayanta. "Ke aka ce ki huta. Wannan tamu ce, ba ta gaji ba."

A Kurfi mahaifinta ya saurare ta har ta gama, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce gaskiya ta yi, amma da ta yi ta a hankali. Gwaggo, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Saudatu, cewa ta yi, "Ni ban san bayoloji ba, amma na san ba a raba uwa da ɗiya a kan kayan ciki."

Haka ta koma bin motar haya kullum, Kurfi zuwa Dutsin-Ma, Dutsin-Ma zuwa Kurfi. In an tashi daga makaranta takan bi ta bakin layinsu ta rage tafiya ko za ta hangi Nana a ƙofar gida. Wani lokaci ta gan ta, kai ba kitso, wani lokaci ba ta gan ta ba. Ta aika a ba ta ita ko na hutun mako ne, aka ce yarinya na mura. Ta sake aikawa, aka ce ta warke, kada canjin ruwa ya tayar mata. Ta rame har 'yan ajinta suka fara tambaya ko lafiya. Hawwa'u ta je Katsina ta zo ta biyu a jiha. Aka yi hira da Malam Ɗanmusa a rediyo, ya yi bayani mai daɗi kan yadda kwamitinsa ke aiki ba sani ba sabo wurin zaƙulo haziƙai. Bai tuna da sunan kowa ba.

A gidan Alhaji kuwa ba wanda ya ga an yi laifi. Hajiya ta ce tarbiyya ake koya mata. Alhaji ya ce shi bai kori kowa ba, tsakanin miji da mata ne. Yazid ya ce shi bai saki kowa ba, kuma an maido masa da makullinsa. Kowa ya wanke hannunsa tas, har aka rasa wanda ya yi aikin. Duk tsawon rigimar nan, a gidan da ake shirin fitar da likita, ba a sami mutum ɗaya da ya kira Musaddiq ya tambaye shi ko yanzu ya san ƙoda ba.

Sai da aka koma sabon zangon karatu sannan amsar ƙarar Alhaji ta sauko daga sama. Ashe wani malami ya ɗauki gasar a waya, waɗanda suka duba kuwa sun ga abin da ke cikin farantin. Aka sauke kwamitin Malam Ɗanmusa, aka ce Malama Saudatu ce shugabar alƙalan bana.

Labarin bai yi mako ba, ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Yazid a Kurfi cikin motar Alhaji, da direba, da buhun shinkafa, da Nana an yi mata kitso da sabon takalmi. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta kamar baƙuwa, sannan ta ruga ta faɗa jikinta. Saudatu ta rungume ta ta daɗe ba ta ɗago ba.

Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa, ta koma gefe da tankaɗenta inda kunne zai kai.

"Yaya ya ce ya yafe," in ji Yazid. "Ya ce ɗan Adam ajizi ne. Hajiya ma tana gaishe ki, ta ce gida ya yi shiru. Ki shirya mu tafi."

"Allah Ya saka. Me ya kawo yafiyar yanzu?"

"Haba, Saudatu. Zumunci mana." Ya sha ruwa, ya gyara zama. "Mun kuma ji abin arziki, an ce ke ce babba bana. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Kin san Murja, ƙanwar Musaddiq, ita makarantarsu za ta tsayar. Ba wai wani abu ba. Ya dai ce gara a shiga gasar ana shiri."

Gwaggo ta daina tankaɗe.

Saudatu ta gyara wa Nana zama a cinyarta. "Ashe ba a gaya wa Yaya Alhaji sauran amsar ƙararsa ba? Sun ce ya yi gaskiya a abu ɗaya, bai kamata dangi ya yi alƙalancin dangi ba. Sun mai da ita doka. Igiyar aurenka na kaina, don haka Murja ɗiyata ce. Ranar da sunanta ya shiga, ni sauka zan yi, a sa wani. Na riga na gaya masu."

Yazid ya ajiye kofin ruwan a hankali. "Wato ko kin dawo…"

"Ko na dawo, ko ban dawo ba." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Saura tambaya ɗaya, Baban Nana. Matarka ka zo biko, ko alƙaliya?"

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya dubi Nana, ya dubi ƙasa. Sai hannunsa ya tafi aljihu ya fito da waya.

"Ina zuwa. Bari in ji ta bakin Yaya."

Ya fita zaure. Katangar ba ta da kauri, suna jin sa sarai. "Salamu alaikum, Yaya… E, na same ta… A'a, wai doka aka yi… Wallahi haka ta ce… To yanzu in taho da ita ne, ko in bar ta tukuna?"

Gwaggo ta kakkaɓe garin hannunta, ta miƙe ta leƙa waje ta kira direba, ta nuna masa buhun shinkafa ta ce ya mayar mota. Saudatu ta saɓa 'yarta a kafaɗa ta shige ɗaki ta saki labule.

Wayar ta ɗauki lokaci, don Yaya na da bayani. Da Yazid ya dawo tsakar gida da amsa a bakinsa, ya tarar an naɗe tabarma. Daga cikin ɗaki yana jin Nana na ba uwarta labari tana dariya. Ya yi gyaran murya, ya sake yi. Gwaggo ta ci gaba da tankaɗenta. Ba wanda ya tambaye shi abin da Yaya ya ce.